Ɗaukar Hoton Tsofaffin Kwandaloli Domin Rajista

Hoton da ake ɗauka domin rajistar tarin kwandaloli aikinsa shi ne ya ware kwandala ɗaya daga cikin dubban 'yan'uwanta da aka buga da hatimi ɗaya a shekara ɗaya. Ran da suka fito daga ma'aikata babu mai iya bambanta su. Yawo a hannun mutane ne ke ba kowace kamanninta: ƙarzuwa a kumatun sarki, lotsawa a baki, ɗigon tsatsa kusa da huji, harafin da ya suɗe ya bar na kusa da shi. Da waɗannan alamomi mai tari zai nuna cewa abin da aka gani a hannun wani nasa ne idan an yi masa sata. Da su magada za su san abin da ke cikin akwati ranar rabon gado, kuma da su ake gane kwandalar da ta fara lalacewa a ajiye. Saboda haka hoton rajista ya saɓa wa hoton talla. Mai talla yana neman hasken da zai rufe aibu. Mai rajista kuwa aibun yake nema, kuma yana son ya ɗauke shi ta hanyar da zai iya maimaitawa daidai bayan shekara biyar ko goma.

Lamba da awo

Kafin a kunna kyamara, kowace kwandala tana bukatar lamba tata ita kaɗai, wadda ba za a sake ba wa wata ba ko da an sayar da ita ko ta ɓata. Tsari mai sauƙi ya fi daɗewa: haruffa biyu ko uku na ƙasa ko hukumar da ta buga kuɗin, sai lambobi huɗu a jere, kamar NG0047. A jikin ambulan ko 'yar jakar da kwandalar ke ciki ake rubuta lambar. Ba a rubutu a jikin ƙarfen, ba a manna masa salatif, domin danƙon yana barin tabon da ba ya fita.

A gaban lambar, cikin littafi ko jadawalin kwamfuta, ana shigar da abin da hoto ba zai iya faɗa ba. Na farko nauyi, wanda ake aunawa da sikeli irin na masu sayar da zinariya, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Sai faɗi da kauri a milimita, da ma'auni mai muƙamuƙi biyu irin na masu aikin injin. Na roba ya fi, don na ƙarfe yana iya ƙarzar baki. Daga nan sai irin ƙarfen, da darajar kuɗin, da shekarar da ke jiki, da inda aka samo kwandalar, da ranar, da abin da aka biya. Gidajen tarihi ma haka suke yi. Ƙa'idar Object ID, wadda cibiyar Getty ta Amurka ta fitar a 1997, kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke kula da ita yanzu, hoto da awo da alamomin da suka keɓanta da abu ta sa a gaba, domin da su ne 'yan sanda da jami'an kwastan ke iya aiki idan abu ya ɓace.

Dalar Mariya Tariza ta isa misali kan amfanin awo. Wannan dala ta azurfa, wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Borno a ƙarni na 19, nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinta kimanin milimita 40. Wadda ta gaza da giram biyu ko uku alhali ba ta suɗe ba, abin tuhuma ce. Shekarar da ke jikinta kuma ba ta nuna tsufanta. Sarauniyar ta Ostiriya ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalar da wannan shekara a Biyana har zuwa zamaninmu, kuma a lokuta daban-daban an buga ta a Landan, da Faris, da Roma, da Bombai. Masana suna rarrabe su ne ta ƙananan abubuwa, kamar duwatsun da ke kewaye da maɓallin kafaɗar sarauniya, da gashin jelar mikiya mai kai biyu da ke baya, da adon da ke tsakanin rubutun baki. Hoton da bai fito da waɗannan ba bai ƙara wa rajista komai ba.

Taɓawa da tsabta

Mutum yakan ji nauyin ɗaukar hoton abu mai duhu, sai ya ɗauko toka da lemon tsami, ko tsamiya, ko man goge ƙarfe. Babu ɓarnar da ta kai wannan a harkar. Launin da shekaru suka shimfiɗa a kan azurfa da tagulla ɓangare ne na kwandalar, kuma masu saye a kansa suke biya. Guga tana kankare shi, ta bar siraran layuka waɗanda ido ba ya gani a inuwa amma suna fitowa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin fitila. Kwandalar da aka goge darajarta ta faɗi, kuma ba ta komawa yadda take.

Ƙura kaɗai ake cirewa, da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. Ba a hurawa da baki, saboda ɗigon yawu yakan zama baƙin tabo a kan jan ƙarfe bayan 'yan watanni. Ta gefenta ake riƙe kwandala, tsakanin babban yatsa da manuni, da hannu wankakke busasshe ko da safar hannu ta roba marar hoda, domin gishirin gumi yana cin ƙarfe har zanen yatsa ya zauna a fuskarta. A shimfiɗa tawul a kan tebur saboda suɓucewa. Idan lokacin hunturu ne a rufe taga, a kashe fanka, a share tebur da ɗanyen tsumma tun kafin a fito da kaya. Ƙwayar ƙura ɗaya a hoton kusa takan yi kama da rami a jikin ƙarfe.

Kafa kyamara

Kwandala tana kwance, kyamara tana kallon ƙasa daga sama, kuma dole fuskar kyamara ta yi daidai da fuskar kwandalar ba tare da karkata ba. Dalili biyu ne. Karkata tana mayar da da'ira ta zama kamar an matse ta, awo ya ɓaci. Sannan a ɗaukar kusa tazarar da ke fitowa tar ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, don haka ɗan jirkicewa ya isa ya sa sama ta fito, ƙasa ta yi dishi-dishi. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a kwantar da ƙaramin madubi a inda kwandala za ta zauna, a leƙa ta allon kyamara. Idan idon kyamara ya ga kansa a tsakiyar allo, an daidaita. Idan ya zame gefe, a gyara har ya dawo tsakiya.

Ba a riƙe kyamara a hannu. Mai mazauni mai ƙafa uku wanda kansa ke juyawa ƙasa, ko sandar ɗaukar takardu, ya huta. Wanda ba shi da su sai ya jera littattafai masu kauri, ya kwantar da waya a kansu, idon kyamara ya leƙo ta gefe, ya danne ɗaya ƙarshen da wani littafin. A sa mata ƙidayar daƙiƙa biyu ko uku kafin ta ɗauka, don girgizar yatsa ta lafa.

Wayoyin zamani sun isa aikin rajista, muddin an hana su yin gaban kansu. Kuskuren da aka fi yi shi ne kusantowa da yawa. Waya a tazarar yatsa uku tana tare haske da jikinta, inuwarta ta faɗa kan kwandala, kuma wasu wayoyin sukan koma kan ido mai faɗin gani da kansu, wanda ke kumbura tsakiyar hoto. Ya fi kyau a ɗaga ta zuwa santimita 15 ko 20, ko fiye, a yi amfani da idon da ke jawo abu ninki biyu ko uku idan tana da shi. Jawowa da yatsu fiye da abin da idon ke iyawa yanke hoto ne kawai, ba ya ƙara komai. A danna kan rubutun kwandala a riƙe har saitin gani da na haske su kulle, a kashe filasha, a kashe duk wani tsari na ƙawata hoto. Mai babbar kyamara kuwa, gilashin ɗaukar kusa na milimita 90 zuwa 105 yana ba da sarari isasshe ga fitilu. A tsayar da ISO a 100, ƙofar haske wajen f/8, a saita gani da hannu. Matse ƙofar zuwa f/16 ko f/22 don neman zurfi yakan rage kaifin hoton gaba ɗaya.

Kwandala ta cike kimanin kashi uku cikin huɗu na tsayin hoto. Kwabo mai huji faɗinsa kimanin milimita 30 ne. Idan ya ci fiksel 2,000 daga baki zuwa baki, kowace milimita ta sami sama da fiksel 60, kuma wannan ya isa a karanta mafi ƙanƙantar harafi.

Shimfiɗa ta zama takarda mai ruwan toka ko baƙa, marar sheƙi. Jan karammiski da atamfa suna da kyau a ido, amma ƙarfe yana ɗaukar launin abin da ke kusa da shi, sai azurfa ta fito ja-ja. Akan ɗora kwandala a kan ɗan guntun magogin fensir wanda bai kai faɗinta ba, ta ɗago santimita ɗaya ko biyu daga shimfiɗa, inuwarta ta faɗi nesa, bakinta ya fito a sarari. Wannan dabara ba ta aiki ga anini da ɗari da kwabo masu huji, domin abin da aka ɗora su a kai zai leƙo ta hujin. Su sai a kwantar da su a kan gilashi mai tsabta wanda aka ɗaga sama da shimfiɗar. A gefe a ajiye guntun rula da 'yar takarda mai lambar rajista, su shiga cikin hoton. Rular ta kasance a tsayi ɗaya da fuskar kwandala. Idan tana ƙasa, kwandalar za ta nuna girman da ba nata ba.

Haske

A nan ne aikin yake. Fuskar kwandala tana mayar da haske ne ta ɓangaren da tudu da kwarinta suka fuskanta, don haka abin da kyamara ke gani ya danganta da inda fitila take. Kwandala ɗaya, kyamara ɗaya, idan aka gusa fitila da taƙi guda sai hoto ya sauya: rubutu ya bayyana ko ya nutse, ƙarzuwa ta fito ko ta ɓuya. Filashar waya, da yake tana manne da idon kyamara, farin tabo kawai take bugawa a tsakiya ta bar gefe cikin duhu.

Tsarin da ya dace da mafi yawan kwandaloli shi ne fitilu biyu iri ɗaya, ɗaya a wajen ƙarfe 10, ɗaya a wajen ƙarfe 2, idan aka ɗauki kwandalar a matsayin fuskar agogo. A ɗaga su sama, kusa da kyamara, suna haskowa ƙasa a tsaye-tsaye. Akwai dalilin sa su ta sama da kan sarki. Idon ɗan Adam ya saba da haske daga sama, don haka idan aka haska kwandala daga wajen ƙarfe 6 sai tudu ya yi kama da rami, haruffa su zama kamar an sassaƙa su ciki. Idan fitila ɗaya ce, a sa ta a sama ta ɓangaren da fuskar sarki ke kallo, a tsayar da farar takarda a ɗaya gefen ta mayar da ɗan haske cikin inuwa.

Hasken fitila tsirara yana da kaifi, yana ƙona wuraren da suka yi tudu su zama fari fat. Ana tausasa shi da farar takarda marar kauri ko farin yadi a gaban fitilar. Wasu sukan kife farar roba mai shigar haske a kan kwandalar, su huda gindinta don idon kyamara, su haska ta waje. Wannan yana kashe ƙyalli baki ɗaya, kuma yana da kyau ga karanta rubutu, amma akwai hasara. Sheƙin ma'aikata, wato walƙiyar da ke zagaya fuskar kwandalar da ba ta shiga hannu sosai ba idan an juya ta, shi ma yana mutuwa, sai sabuwa da tsohuwa su fito iri ɗaya. Tunda wannan sheƙi yana cikin abin da ke nuna lafiyar kwandala, takarda ɗaya a gaban fitila ta fi robar dacewa da rajista.

Kwandalar da ta suɗe tana son wani haske dabam. A sauke fitila ɗaya ƙasa sosai, kusan daidai da tebur, hasken ya shafo fuskar daga gefe. Masu bin sawu sun san haka: da hantsi ko la'asar sawu ke fitowa a rairayi, da rana tsaka ba a ganin komai. Ɗan tudun da ya rage na harafi yakan jefa inuwa, sai a karanta shekarar da aka ɗauka ta shafe. Da wannan haske ake fito da rubutun Larabci da ke jikin anini da kwabon Afirka ta Yamma ta Ingila, da kuma alamar ma'aikata, ƙanƙanin harafin da ido ke tsallakewa: H na ma'aikatar Heaton, KN na ma'aikatar King's Norton, dukansu a Bamingam, rashin harafi kuma galibi yana nuna bugun ma'aikatar gwamnati ta Landan. Kwabo biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wannan harafi kaɗai. Sai dai hasken gefe yana kambama kowace ƙarzuwa har kwandala mai lafiya ta yi kama da wadda aka ja a ƙasa. Don haka hoto ne na ƙari, ba ya maye gurbin na farko, kuma a rubuta a sunansa cewa da hasken gefe aka ɗauka.

Akwai hanya ta uku ga kwandala mai sheƙi sosai, wadda filinta ke fitowa baƙi ƙirin ko ta ina aka haska, da kuma jan ƙarfen da ya yi duhu. Ana tsayar da gilashi mai tsabta tsakanin kyamara da kwandala a karkace, digiri 45. Fitila tana gefe, a tsayin gilashin, tana haskowa a kwance. Gilashin yana karkatar da wani kaso na hasken zuwa ƙasa a miƙe, ya bugi kwandala ya dawo sama ya ratsa gilashin ya shiga kyamara. Sakamakon shi ne fili mai haske ɗaya, haruffa da zane kuma suna da baƙin layi a gefensu. Wajibi ne a tsayar da baƙar takarda a bayan gilashin, a ɓangaren da ke fuskantar fitila, ta shanye hasken da ya wuce, kuma a tare fitilar kada ta haska kwandala kai tsaye. Haske mai yawa yana salwanta ta wannan hanya, don haka ɗaukar takan yi jinkiri, kyamara kuma ba ta son ko motsin ƙafa a ɗaki.

Launi shi ne sauran matsala. Hasken taga da na kwan lantarki launinsu ba ɗaya ba ne, idan aka haɗa su sai rabin kwandala ya yi shuɗi-shuɗi, rabi rawaya, kuma babu gyaran da zai daidaita su. A zaɓi ɗaya a kashe sauran. A farkon kowane zama a ɗauki hoton katin ruwan toka na masu hoto, ko farar takarda idan babu shi, a ƙarƙashin hasken da za a yi aiki da shi, a saita launin kyamara a kansa. Muhimmancin wannan yana bayyana a kuɗi masu ƙarfe biyu, irin naira 1 da naira 2 na 2007 ko sefa 500 ta Afirka ta Yamma, inda waya takan rikice ta jirkita launin ɗayan ƙarfen don ta gyara ɗayan. Azurfa da sauran fararen ƙarafa suna son a rage haske kaɗan daga abin da kyamara ta zaɓa, domin wurin da ya ƙone ya zama fari ba a iya dawo da abin da ke cikinsa. Tagulla mai duhu kuma a ƙara mata. Fitila mai caji tana da amfani inda wuta ba ta tsayawa, amma haskenta yana raguwa a hankali yayin da batir ke sauka, sai a tarar hotunan ƙarshen zama sun fi na farko duhu. A cika ta da caji, a taƙaita zaman. Hasken taga wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye yana ba da hoto mai kyau, illarsa kawai ba ya maimaituwa: na safe daban da na yamma, na hazo daban da na damina.

Abin da ake ɗauka

Mafi ƙaranci hoto biyu, gaba da baya, a tsayi ɗaya da haske ɗaya. Gaba shi ne ɓangaren da ke da kan sarki ko tambarin ƙasa. A kuɗi masu huji, waɗanda ba su da wurin kai, gaba shi ne mai kambi da sunan sarki, baya kuma mai tauraro mai tsini shida. Rashin kan nan ne ya sa aka samu anini da ɗari da kwabo na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamban shekarar tun kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga kasuwa a Ingila kanta. An buga su da yawa, ba su da wuyar samu, amma a wannan shekara akwai kuma masu sunan George na Biyar, don haka hoton gaba dole ya nuna sunan a karance.

Wajen juyawa akwai abin lura. A juya kwandala daga dama zuwa hagu yadda ake buɗe shafi, a duba yadda baya ya tsaya. Kuɗin Nijeriya da na Ingila na zamani bayansu yana fitowa a miƙe; na Amurka da tsohon faran na Faransa yana fitowa kai a ƙasa. Ana rubuta wannan a rajista da lissafin agogo, ƙarfe 12 ga na farko, ƙarfe 6 ga na biyu. Wadda ta saɓa wa 'yan'uwanta, ta tsaya a ƙarfe 2 ko 9, ko dai kuskuren ma'aikata ce ko jabu, kuma kowanne ya cancanci a rubuta. Bayan an rubuta sai a miƙar da bayan a ɗauka yadda zai karantu.

Baki shi ne fuskar da aka fi mantawa, alhali a nan masu jabu suka fi kasawa. Dalar Mariya Tariza tana da rubutu mai tudu a bakinta. Sule da fataka na Afirka ta Yamma daga 1938 suna da rami a tsakiyar bakin, wanda aka ƙirƙiro saboda yawan jabu. Kwandalar da aka zuba a mazubi kuwa takan bar siririn layin haɗi ko sawun zarto a wurin. Ana tsayar da kwandala tsakanin magogin fensir biyu a ɗauki bakin kashi uku ko huɗu, ana juyawa. Wata dabarar ita ce a cire kwanon madubin da ke cikin kan tsohuwar tocila, a kwantar da kwandala a tsakiyarsa a kan ɗan tudu, sai bakin gaba ɗaya ya bayyana a madubin a zagaye, cikin hoto ɗaya, ko da yake rubutun zai fito a juye.

Daga nan sai hotunan kusa na duk abin da ya keɓanta da ita: alamar ma'aikata, tsaga, lotsawa, tabo. Dala ko sulen da aka huda ko aka liƙa wa kunne don adon gashi ko sarƙa, a ɗauke shi yadda yake, a fara da adon gaba ɗayansa kafin ɗaiɗaikun kwandalolin, kuma kada a warware. Wadda ke cikin rufaffen gidan roba na kamfanonin tantancewa ba a fasa shi. A goge robar, a gusa fitilu har ƙyallinta ya kauce, a ɗauki lambar da ke jikin takardar.

Ajiye hotuna

Gyaran da aka yarda da shi kaɗan ne: yanke gefe, miƙar da hoto, daidaita launi da katin ruwan toka, ɗan ƙari ko ragin haske har ya yi daidai da abin da ido ke gani. Share ƙarzuwa ko tabo da manhaja ya rushe dalilin ɗaukar. Hoton asali a bar shi yadda ya fito daga kyamara, a yi gyara a kan kwafi. Inda na'ura ke iya ɗaukar RAW a yi amfani da shi, a adana gyararren a TIFF. JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa.

Sunan kowane fayil ya fara da lambar rajista, sai ɓangare, sai ranar ɗauka a tsarin shekara, wata, rana, kamar NG0047-gaba-2025-03-14, domin su jeru da kansu. A sa sunayen a ranar da aka ɗauka. Kwabo goma na 1959 masu huji, idan suka kwana a waya da lambobin da ta ba su, raba su sai an sake fito da su ɗaya bayan ɗaya.

Kwafi uku ake so, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gidan, ko a ma'ajiyar intanet ko a wurin wani amintacce. Rajistar da ke cikin akwati ɗaya da kwandaloli, gobara ko ɓarawo ɗaya zai tafi da su tare. Buga hotunan a takarda a manna su a littafi, kowanne da bayaninsa, yana taimakon magada waɗanda ba su san kalmar sirrin waya ba. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana isa a matse, ƙananan haruffa sun narke. A tura shi a matsayin takarda. A kuma kashe sa wuri a kyamarar waya, domin takan rubuta inda aka ɗauki hoto a cikin fayil, wanda ke nufin adireshin da tarin yake.

Tsarin ɗaukar shi ma a rubuta shi a shafin farko na rajista: tsayin kyamara, irin fitilu, nisansu, saitin da aka yi, har da hoton teburin daga gefe. Da wannan ne za a iya sake ɗauka a kwatanta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina, sa'ad da laima ta gama aikinta. Abubuwa uku ake nema. Kore mai danƙo a fuskar kwandala yana fitowa ne daga jakar roba mai laushi ta PVC, kuma maganinsa sauya jaka zuwa takarda marar asid ko roba mai tauri. Garin kore mai haske wanda ke fita idan an taɓa, a kan jan ƙarfe ko tagulla, ciwo ne da gishirin kuloraid da laima ke haddasawa, yana ci yana zurfafa rami. Farin gari kuma na alminiyam ne, kamar a aninin 1907, wanda saurin lalacewarsa ya sa aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel a 1908. Kwandalar da sabon hotonta ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a ware ta daga sauran, a sa ta cikin busasshen mazubi tare da ƙunshin ƙwayoyin shanye laima, a nemi mai adana kayan tarihi ya duba ta. Sabon hoton yana shiga rajista da sabuwar ranarsa a ƙarƙashin tsohuwar lamba, tsohon hoton kuma ba a share shi.